Habbanayen Malam Haliru

Ranar da ƙungiyar makiyaya ta yankin Bagudo ta danƙa wa Safina aikin, tun kafin ta kai bakin titi ta riga ta yanke shawarar yaren kwamfutar da za ta rubuta shi da shi. Wannan bai ba ta wahala ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda za ta buɗe baki ta faɗa wa Malam Haliru.

Aikin dai ga shi. Da an gama girbi, ciyawa ta fara ƙarewa, shanun rugagen Zagga da Sharabi da Tsamiya sukan nausa kudu, wasu har su taka ƙasar Benin, inda rabin danginsu suke zaune tun kafin a san da wata iyaka. Shugabannin ƙungiya sun gaji da gardamar wace saniya aka yi wa allurar rigakafi, wacce ba a yi wa ba, kuma ma ta wane ne. Suna son manhaja a kwamfutar ofishinsu da za ta riƙe kowace saniya da uwarta da mai ita da allurarta, ta kuma buga wa makiyayi takardar shaida da zai nuna wa malaman dabbobi a hanya. Ardo Gidaɗo, wan mahaifin Safina, shi ya kashe maganar. Ya ce me zai sa a ɗauko baƙo daga Birnin Kabi, alhali ga 'yar ruga ta gama jami'a tana zaune tana taya uwarta kaɗa nono?

Shi kuwa Malam Haliru tsohon malamin lissafi ne, ɗan gidan maƙera, mai wani ɗan shago kusa da tashar mota inda yake buga wa mutane takardu. Yaren C ya koya wa kansa daga wani tsohon littafi da bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, kuma yana son yaren nan kamar shi ya raɗa masa suna. Safina tana 'yar sakandare ta shigo shagon buga takardun jarrabawa, ta tsaya a bayansa tana kallon baƙin allo da fararen haruffa har ta manta abin da ya kawo ta. Bai kore ta ba. Ya jawo mata benci. Daga ranar, duk Asabar tana nan, yana koya mata kyauta, har da sayen ƙosai idan ya ga idonta ya faɗa.

Da ta sami gurbin karatu a jami'a, ya kira ta ya miƙa mata kwamfutarsa ta hannu, ita kaɗai da yake da ita. Ya ce, "Ku Hillani kuna da habbanaye, ko? To ga tawa saniya. Ki tahi da ita ta haihu miki."

Habbanaye al'ada ce ta makiyaya. Mai shanu yakan ɗauki karsana ya kai wa wanda garkensa ya karye, ba sayarwa ba, ba kuma kyauta ba. Tana nan a hannunsa yana shan nononta har ta yi haihuwar da aka yi alkawari. 'Ya'yan nasa ne halak malak, uwar kuma a mayar wa mai ita. Masu mutunci ma sukan jira sai ta sake ɗaukar ciki kafin su mayar, don kada ta koma gida haka kawai. Safina ta yi kuka ranar nan, kuma duk shekarunta na jami'a ba ta taɓa buɗe kwamfutar ba tare da ta sa wa Malam albarka a zuciyarta ba.

To amma jami'a ta koya mata abin da ba a shagon Malam. C yare ne na bin mataki. Bayanai suna ajiye waje guda, umarni yana zuwa ɗaya bayan ɗaya yana aiki a kansu, kamar dai yadda Malam yake kwatantawa da maƙerar ubansa: a hura wuta, a sa ƙarfe, a doka, a tsoma a ruwa. Akwai kuma wasu yarukan, irin su Java, da ba sa fara tambayar me za a fara yi. Su tambayarsu ita ce, su wa da wa ke cikin wannan lamari? Sai a gina kowane abu da bayanansa da halinsa a jikinsa. Saniya abu ce, makiyayi abu ne, allura abu ce. Idan kana son sanin maraƙi na wane ne, uwarsa za ka tambaya, ita kuma ta ba ka amsa gwargwadon irin zaman da take yi a garken.

Safina kuwa a ruga ta tashi, ta san garke ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. A ciki akwai ta mai gida, akwai ta sadakin matarsa, akwai wadda aka ba jariri ranar suna, akwai ta wani attajirin cikin gari da aka kawo kiwo, ga kuma ta habbanaye. Kowacce da hukuncin nononta da na 'ya'yanta. Aiki irin wannan Java yake kira, ko makaho ya shafa ya ji.

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙwaryar kindirmo ta nufi shagon, tana ta bitar maganar a hanya. Ta gaishe shi, ta ba shi albishir. Malam ya miƙe tsaye har hularsa ta kusa taɓa fanka.

"Alhamdu lillahi! Ɗiyata ta zama injiniya! Duk ƙasag ga ba su ga kowa ba sai ke?"

Ya yi ta murna, ya leƙa waje ya faɗa wa mai shayi, ya dawo. Daga nan sai ya tsaya yana dube-dube a shagon kamar mai neman abin da zai ba baƙo. Ya jawo aljihun tebur, ya tono wani ɗan filashi na ajiyar bayanan kwamfuta da aka ɗaure da zaren lilo.

"Shekarun baya wani malamin dabbobi ya taɓa sa ni irin wanga aiki. Na rubuta shi da C. Ga shi nan, ko da wani abu da za shi yi miki amhwani."

Maganar Java tana kan harshenta. Ta dubi hannun da ya miƙo, hannun da ya miƙo mata kwamfuta, ta dubi fuskarsa. Sai kawai ta ji gwiwarta ta rusuna da kanta, hannayenta biyu sun karɓa.

"Na gode, Malam. A kanshi za ni ɗora."

Malam ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ga wani mutum ya shigo da takardun fili yana sauri. Maganar ta tsaya nan.

Kunya abu ce mai kyau, kowa ya sani, kuma Fulani sun fi kowa tinƙaho da ita. Amma wani lokacin takan sa mutum ya ɗauki kayan da ba wanda ya ɗora masa, ya yi ta nishi a ƙarƙashinsu yana cewa lafiya lau. Haka Safina ta koma gida ta buɗe aikin Malam ta zauna a kansa.

Rubutun kam tsaf yake, ba ƙazanta. Kowane mataki da bayaninsa a gefe, da Hausa ma, har tana jin muryarsa a ciki. Matakin shigar da saniya, matakin haihuwa, matakin allura, matakin mutuwa ko sayarwa, matakin buga takarda. Sai dai duk ginin a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: maraƙi na mai uwarsa ne. Don haka ta fara faci. A matakin haihuwa ta saka: idan saniyar habbanaye ce, a ba mai riƙo. Idan ta kiwo ce, a ba mai ita. Idan ta sadaki ce, a rubuta sunan matar. Ta koma matakin allura ta sake saka waɗannan idan ɗin, ta koma na sayarwa ta sake. Da Ardo ya tuna mata da wani irin zaman saniya da ta manta, sai ta sake bin matakan kaf daga farko. Ba wai C ba zai iya ɗaukar aikin ba ne. Zai iya, idan da lokaci da ido huɗu. Ita kuwa ita kaɗai ce, gero ya riga ya shiga rumbu, shanu sun fara juya kai kudu. Rubutun Malam mai tsafta ya koma kamar tsohon zane da faci ya fi asalin yadin yawa.

Duk Asabar Malam zai tambaye ta, "Yaya aikin?" Ta ce, "Lahiya lau, Malam." Shi kuma ya ce, "To madalla," ya sunkuyar da kai kan takardunsa.

Aka sa ranar gwaji a rugar Ardo, kusa da Tsamiya. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata ƙatuwar ɗorawa, aka tayar da ɗan janareto, aka jona firinta. Maza suka zauna gaba da sandunansu, mata daga baya. Malam Haliru ya iso a kan babur, da babbar rigarsa ta Juma'a.

Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma Ardo Gidaɗo ba ya barin nasa rabon ya kwana. Yana hango shi ya ɗaga murya.

"Ga bawana nan ya iso! Ku ba shi wuri, amma ku ɓoye ƙwaryar nono!"

"Bahillace," in ji Malam yana kafe babur, "in ba don maƙeri ba, da mi za ka yanke ko igiya? Da haƙori?"

Aka yi dariya. Ardo ya miƙe ya yi wa jama'a bayani, ya ce wannan aiki na Malam Haliru ne da ɗiyarsu Safina, shi ya kafa tushe ita ta ɗora, don haka kowa ya sa musu albarka. Aka shafa fatiha. Safina ta fara bugawa, Zulkiflu sakataren ƙungiya yana karɓar takarda yana karantawa da ƙarfi, mai garke yana cewa haka ne. Garke bayan garke, ba tuntuɓe. Har ta fara sakin numfashi.

Sai aka zo kan Inna Kubura.

Inna Kubura tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ciwon huhu kuma ya bi garkensa ya share, bai bar mata ko ƙaho ɗaya ba. Wani aminin mijin, Manu, da ke zaune can wajen Segbana a cikin Benin, shi ya ji labari ya koro mata jar karsana habbanaye, ba tare da ta roƙa ba. Da damina ta haifa mata maraƙa, ja mai farin goshi. Duk rugar an san yadda take ji da maraƙar nan. Ita ce farkon garkenta, kuma ita ce ƙarshensa.

Zulkiflu ya karanta: "Saniya ja, tana hannun Kubura, mai ita Manu na Segbana. Maraƙarta, ja mai hwarin goshi, mai ita Manu na Segbana."

Safina ta dubi allon kwamfutar. Nan take ta gane inda matsalar take. Ta saka idan ɗinta a ko'ina, amma matakin buga takarda na Malam ba ya duba abin da aka ajiye, da kansa yake komawa wajen uwa ya ɗauko sunan mai ita. Wuri ɗaya tak ta tsallake. Ta ɗaga kai za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan Malam cikin babbar rigarsa, ga jama'ar da yanzun nan aka gaya musu shi ya kafa tushe. Ta ce a ranta, bari a tashi, in gyara a ɓoye, in sake buga mata. Ta haɗiye maganar.

Daga bayan mata aka ji muryar tsohuwar, a sanyaye. "To. Madalla." Ta tashi ta kaɗe zanenta ta bar wurin.

Da aka kawo fura, Safina ta sulale ta nufi bukkar Inna Kubura don ta kwantar mata da hankali. Ba kowa. Igiyar da ake ɗaure maruƙa tana yashe a ƙasa. Ta ɗaga ido, can a kan burtalin da ya miƙe zuwa iyaka ta hango tsohuwar tana jan maraƙa, uwar tana biye tana kuka. Safina ta tattare zanenta ta sheƙa da gudu.

"Inna! Inna, ina za ki cikin ranag ga?"

"Za ni kai ma Manu kayanai."

"Manu bai ce komi ba, Inna!"

Tsohuwar ba ta tsaya ba. "In bai ce ba, wa yah hwaɗa ma akwatinku? Wata buƙata ta taso mai, ya ji nauyin hwaɗa mini, shi as sa yab biyo ta wajenku. Mutumin da yat tuna da ni ran da kowa yam manta, ba ni bari shi buɗe baki shi roƙe ni. Na sha nono, na gode."

Idonta a bushe yake. Safina ta sha gabanta ta durƙusa a kan burtalin.

"Inna, wallahi kuskure na. Akwatin bai san habbanaye ba. Maraƙa taki ta. Tun ana karantawa na san kuskure na."

Sai a lokacin Inna Kubura ta tsaya. Ta dube ta daga sama har ƙasa. "Kin sani, kuma kin yi shiru?"

"Malam na wurin, Inna. Aikinai na. Ban iya kunyata shi gaban mutane."

"Shi Malam yana da kunyar da za a tsare mai, ni ko sai maraƙa ɗaya." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi zafi. Ta shafa goshin maraƙar. "Gaban mutane anka ba Manu ita. In tawa ta, a koma gabansu a hwaɗi. In ba haka ba, kullum nid ɗaure ta sai in ji kamar ta sata ta."

Tafiyar komawa gindin ɗorawar nan ba ta da nisa, amma Safina ta ji ta a ƙafafunta. Tana gaba, tsohuwa da maraƙa da saniya suna biye. Hira ta tsaya, ludaya suka tsaya a cikin ƙore. Ta je gaban Ardo da Malam ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta faɗi komai da muryar da ita kanta ba ta gane ba: takardar Inna kuskure ce, maraƙa ta Inna ce, Manu bai aiko da ko kalma ba. Kuma ba ta da tabbacin babu wani kuskuren irinsa da ke kwance, domin ginin da ta ɗora a kai ba a yi shi don shanu irin nasu ba.

Ta kasa ɗaga ido. Ta riga ta gama ganin yadda za ta riƙa wuce shagon nan na tasha ba tare da ta iya shiga ba.

Ardo ne ya fara magana. Ya zunguri Malam da gindin sandarsa.

"Kai, maƙeri! Ashe lauje mara kaihi kab ba ɗiyata?"

Malam Haliru ya cire hula, ya sosa furfurarsa, ya mayar. Ya yi wata 'yar dariya mai kama da tari.

"Mara kaihi na, Ardo. Wanga wuri na habbanaye, shi yak kayar da ni tun wancan lokaci. Na yi hwaci har nig gaji, nig goge hwacin duka, nib ba malamin dabbobin haƙuri, nij jehwa shi aljihun tebur."

Safina ta ɗago kai ba ta sani ba.

"To don mi kab ba ta?" in ji Ardo.

"Ɗiya ta zaka mini da albishir irin wanga, in sallame ta hannu wohi? Na duba shagon nan kakaf, ba ni da abin ba ta sai shi. Cewa niy yi ta leƙa ko ta tsinci wani abu. Sai nig ga ta karɓa hannu biyu tana cewa a kai za ta ɗora. Ni kuma nij ji nauyin ce mata kayan da nib ba ki ba su da kyau."

"Ke kuma don mi kik karɓa?"

"Baffa, Malam na yam miƙo."

Ardo ya tafa hannu ya juya ga jama'a. "Kun ji! Ita ta ji kunya, wannan gadonta na. Kubura ta ji kunya, ita ma gadonta na. Amma maƙeri, wa ya ara maka? Ka ɗauki abin da ba ka iya riƙo ba, ga shi ka kusa raba tsohuwa da maraƙarta!"

Dariya ta ɓarke, har da matan baya. Malam bai rama ba, kuma wannan ne karo na farko da aka ga ya bar wa Ardo ta ƙarshe. Ya tashi da babbar rigarsa, ya taka har inda Inna Kubura take tsaye, ya rusuna ya ce ta yafe masa. Tsohuwar ta kawar da kai gefe ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta juya da maraƙarta zuwa gida, saniyar ta daina kuka.

Da ya dawo ya zauna, ya dubi Safina. "To, injiniya. Da ban tsoma baki ba, da wane yare za ki yi shi?"

"Java, Malam."

"Don mi? Hwaɗa mini yadda Bahillacen ga ma zai gane."

Ta share ido da gefen mayafi. Ta ce a rubutun da suke da shi yanzu, kowane mataki sai ya tsaya ya yi wa saniya tambayoyi kafin ya san yadda zai yi da ita, kuma mataki ɗaya ya manta tambaya ɗaya, ga abin da ya faru. A ɗaya hanyar kuwa, hukuncin a jikin saniyar yake, wuri ɗaya. Ta habbanaye ta san 'ya'yanta na mai riƙo ne. Ko mai buga takarda ne ya tambaye ta, ko mai allura, amsa ɗaya za ta ba su. Idan gobe aka zo da wani sabon irin zama, sai a ƙara irin saniya ɗaya, ba sai an bi gida gida ana faci ba.

Malam ya jinjina kai. "Sikelin injin shinkahwa na bakin kasuwa, ni nir rubuta mai da C, har yau bai yi tari ba. A ɗora buhu, a auna, a rubuta, a sauke. Aiki mai bin layi ɗaya, ba ni sake ma kowa C a kanshi, ko ke."

"Ko ni da C za ni yi shi, Malam."

"Amma wanga aikin shanu na. Shanu ko ba su bin layi, sun biyo masu su." Ya harari Ardo. "Ki rushe, ki sake. Kada ki bar ko layi ɗaya don ganin idona."

Safina ta rusuna ta yi godiya. Ta zo da tsoron za ta rasa malami, sai ga shi ya sauke mata kayan da hannunsa, a gaban mutane, da girmansa da furfurarsa. Ba ta taɓa jin ƙaunarsa da ganin girmansa kamar na wannan rana ba.

Ardo ya roƙi masu garke su ɗan jinkirta tashi. A shagon tasha aka sake aikin, a kan bencin nan dai na da. Ita tana rubutu, shi kuma ya naɗa kansa mai neman aibi. Zai sallami mai buga takarda ya juyo ya ce, "To idan saniyar sadaki anka bayar habbanaye, tam mutu a Benin, tab bar maraƙi hwa?" Ta shigar, amsa ta fito daidai, ya yi tsaki kamar an ci shi a dara, ya koma tunanin wata. Sau da dama kuwa ya kama ta, don Java ba ta hana mutum kuskure. Lissafin ranakun allura ma nasa ta kwashe ta juya, ba don ganin idonsa ba, sai don ta nemi inda za ta gyara ta rasa.

Takardar farko da aka buga, Safina da kanta ta kai ruga. Inna Kubura ba ta karatun boko. Ta ce a nuna mata inda sunanta yake. Safina ta ɗora mata yatsa a wurin, kusa da maraƙa ja mai farin goshi. Tsohuwar ta daɗe da yatsanta a kai. Daga nan ta shiga bukka ta fito da ɗan ƙoƙo cike da man shanu, ta ce a kai wa maƙerin nan.

Bayan shanu sun tashi, ƙungiya ta ba Safina sabuwar kwamfutar aiki. Ta zauna ta dubi tsohuwar, da murfinta da ya tsage a kusurwa da harafin da ya goge saboda dannawa. Ta yi karatu da ita, ta ci jarrabawa da ita, ta yi aikin farko da ita. Saniya ta gama haihuwa. Ta goge ta tas, ta naɗe ta a sabon ɗankwali, ta haɗa da ƙoƙon Inna Kubura, ta nufi tasha ranar Asabar.

"Malam, na kawo habbanaye gida. Abin da tah haihwa mini, ba ni da bakin godiya. Allah shi saka maka da Aljanna."

Ta yi zaton zai ce ta bar shi. Bai ce ba, ya san al'adar, ya san ba a mayar da wanda ya kawo saniya gida. Ya karɓa hannu biyu, ya ce amin, ya ɗora a kan tebur. Sai ta tuna cewa yanzu ba sauran abin da zai kawo ta shagon nan duk Asabar. Ta miƙe ta gyara mayafi.

Malam ya warware ɗankwalin, ya buɗe kwamfutar, ya sa tabarau. Ya ƙura wa allon ido, ya danna nan, ya danna can. Duk kayan Java suna ciki, da rubutun shanun gaba ɗaya, ba ta goge ba.

"Safina."

"Na'am, Malam."

"Wagga saniya da ciki tad dawo." Ya sa ƙafa ya jawo bencin kusa da kujerarsa. Sai kuma ya tsaya, ya tashi daga kujerar ya nuna mata ita, shi ya zauna a kan bencin. "Ni ban taɓa karɓar irin wagga haihuwa ba. Zauna ki nuna mini. Ta ina aka hwarawa?"